Yadda ake duba wayarin fitilun shago kafin baladiyya (hukumar birni) da difa'ul madani ('yan kwana-kwana) su zo

Duk shagon da aka kira ni in duba a nan Jidda, abu na farko da maishi yake nuna min shine hasken, yace kalli Mu'allim duk suna kamawa. Toh kamawar fitila ai ba ita ce maganar ba. Fitila tana iya kamawa tar alhali a saman jibis, wato silin POP ɗin da ke kanka, waya tana can tana dahuwa a hankali. Na rubuta wannan ne saboda 'yan uwanmu masu tsaron baƙala, wato shagon kayan masarufi, da maɗa'am, wato gidan abinci, da shagunan yadi da turare daga Bab Sharif zuwa Hindawiyya, da na Makka wajen Misfala da Sharar Mansur, da kuma yaran da suka koyi wayarin a Kano ko Damagaram suka zo nan suna tsammanin aikin duk ɗaya ne. Ba ɗaya bane, kuma yawancin matsalar ba a inda ido ke gani take ba.

Mataki na farko: ka san irin wutar da ke shiga ginin

Wannan shine inda na fi so a tsaya, don nan ne 'yan gida suke faɗawa. A Najeriya da Nijar da Sudan wutar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, a Saudiyya sau 60 ne. Sannan ƙasar tana da tsari biyu suna tafiya tare. Tsohon tsari shine bolt 127 da 220, wato in ka auna tsakanin layif ɗaya, waya mai wuta kenan, da nutural, wadda wutar ke komawa ta cikinta, zaka ga 127, in ka auna tsakanin layif biyu zaka ga 220. A 2010 gwamnati ta yanke shawarar komawa 230 da 400, sababbin gine-gine duk a kansa suke, amma tsofaffin unguwanni har yanzu zaka tarar da tsohon.

Kaga abin da ke faruwa kenan. Wanda ya saba da tsohon gini hannunsa ya riga ya saba ɗauko layif biyu ya samu 220. Ranar da ya shiga sabon gini ya yi haka ba tare da ya auna ba, 400 ya tura wa fitilun. Na taɓa ganin haka da idona a wani shagon abaya, yaron ya gama haɗawa ya ɗaga bireka, wato makunnin da ke yanke wutar layi in ta yi yawa, sai tas tas tas, layi guda na fitilu ya tafi cikin ƙiftawar ido ga ƙauri ya cika wurin. Mai shagon dattijo ne, bai ko ɗaga murya ba, cewa kawai yayi "ɗana, kai da mita ka raba gari ne?" Yaron bai samu bakin amsawa ba.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren. A tsohon tsari in fitila tana cin 220 to duka wayoyin biyu masu rai ne, makunni mai yanke waya ɗaya zai kashe hasken amma wuta tana nan zaune a cikin fitilar tana jiran yatsanka. Irin wannan layin sai bireka da makunni masu yanke waya biyu a tare. Saboda haka kafin komai ka ɗauko mita ka auna a ɗablon, wato akwatin birekoki, ka rubuta abin da ka gani a takarda. Tasta mai ɗan ƙwai a gindi bata isa ba, ita dai tana ce maka akwai wuta, bata gaya maka nawa ce.

Launin waya ma kar ka yarda dashi ido rufe. A tsohon aiki ja da rawaya da shuɗi sune layif, baƙi nutural. A sabon tsari ruwan ƙasa da baƙi da toka-toka sune layif, shuɗi nutural, kore mai ratsin rawaya shine atin, wato wayar da ke kai wutar da ta zurare ƙasa. Ka lura, shuɗi da baƙi sun yi musayar aiki. Shagon da aka yi wa kwaskwarima sau uku zaka tarar da duka biyun a akwati ɗaya.

Mataki na biyu: buɗe ɗablon

Ka kashe babban bireka tukun, ka auna ka tabbatar wutar ta mutu, ka manna takarda ko ka sa ɗan kwado don kar wani bawan Allah ya zo ya ga shago da duhu ya ɗaga maka ita kana tsaka da aiki. In kai ba ma'aikacin wuta bane, naka shine ka tsaya kusa ka sa ido, kar ka cire murfin da hannunka.

Dokar da ake aiki da ita ita ce kundin gini na Saudiyya, Larabawa suna cewa kod al-bina, sashen lantarki lambarsa SBC 401, sashen gobara kuma SBC 801. Ba sai ka haddace su ba, amma ka san sunansu don in injiniya ya ambata kar kayi zuru.

Abin da ake nema a ɗablon ba shi da yawa. Kowane bireka da rubutun abin da yake riƙewa, wannan fitilun gaba, wannan lauha, wato allon sunan shago, wannan sito. Layin fitilu daban, na soket daban, na mukayyif, wato AC, daban. Babu ramin da aka bari a buɗe wanda yatsa ko ɓera zai shiga. Babu waya biyu uku da aka cusa a bakin bireka ɗaya. Ka duba ko akwai wurin da roba ta yi baƙi ko ta canza launi, alamar sukurun ya saki kenan yana zafi. Kuma dan Allah gaban ɗablon ba wurin jibge katon ɗin madara da buhun shinkafa bane, wannan kam ko mufattish, wato jami'in duba, da ya fara aiki jiya zai gani.

Sai babbar cutar da ta zama ruwan dare. Bireka yana yawan faɗuwa, sai a kira wani ya cire mai amfiya 10 ya sa mai 32, shikenan an huta. Ba a huta ba. Bireka ba don fitila aka sa shi ba, don waya aka sa shi, aikinsa ya yanke kafin wayar ta yi zafin da zai narka rigarta. In ka ƙara masa girma wayar kuma tana nan yadda take, to ka mayar da wayar ita ce fis, a cikin silin.

Mataki na uku: kaurin waya da zafin ƙasar nan

Lissafin da ke cikin littafi an yi shi ne a kan zafin digiri 30. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 mai rigar PVC a cikin bututu a jikin bango tana ɗaukar kusan amfiya 17.5 a wannan zafin. Amma wane silin ne a Makka yake digiri 30 a watan Yuli? In cikin silin ya kai 50 sai an ninka da 0.71, kaga ta dawo 12 da ɗan wani abu. In kuma layi uku ne suka bi bututu ɗaya suna ɗumama juna sai a sake ninkawa da 0.7, ta dawo ƙasa da 9. Wato bireka mai 10 ma ya fi ƙarfinta, balle 32. Shi yasa ni dai a shago na fi son 2.5 ko da layin fitila ne, bambancin kuɗin bai kai abin da ake kashewa a shayi da tamis na wata ba.

Sai tsawon layi. In shagon dogo ne ko sito ne, fitilun ƙarshe zasu riƙa yin dishi-dishi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kar wutar ta ragu fiye da kashi 3 cikin 100 a layin fitila, a kan 230 wajen bolt 7 kenan. Ka kunna komai ka auna a ɗablon, ka je fitilar ƙarshe ka auna, ka ɗebe lamba ta biyu daga ta farko.

Wani abu game da LED da mutane basu gane ba. Sibot, wato ƙananan fitilun da ake binnewa a silin, guda 40 masu wat 12 duka-duka wat 480 ne, amfiya biyu da 'yan kai, amma da safe kana danna makunni sai bireka ya faɗi. Dalili shine direbobinsu, wato 'yan akwatunan da ke bayan fitila, suna fizgar wuta mai yawa a ɗan lokacin farko na kunnawa. Maganin ba ƙara amfiya bane. A raba su layi biyu ko uku, ko a duba harafin da ke jikin birekan, mai B yana faɗuwa nan take in fizgar ta kai ninki 3 zuwa 5, mai C sai ninki 5 zuwa 10. Canza harafin aikin wanda ya auna layin ne, ba a yinsa da ka.

Mataki na huɗu: hau tsani ka leƙa saman jibis

Nan ne gaskiyar aikin take. Ka cire sibot biyu uku a wurare daban-daban, ka sa tocilan ko ka tura wayar salula da kamara. In Allah ya sa aikin na kirki ne zaka ga bututu a ɗaure, kowane haɗi a cikin akwatinsa da murfi. In kuwa irin aikin nan ne na sauri da ake yi ana saura kwana uku azumi, zaka ga wayoyi a baje kan jibis kamar taliya, an murɗa an naɗe da salatif, salatif ɗin kuma zafi ya sa ya saki tun bara.

Haɗin murɗe da salatif baya wucewa. Duk haɗi sai da mahaɗi na gaske mai sukuru ko mai dannawa, a cikin akwati, a inda za a iya kaiwa gare shi. Waya kar ta kwanta kan ƙarfen silin mai kaifi, kar kuma a ɗaure ta a jikin bututun ruwan kashe gobara ko na mukayyif. Direba kar a binne shi cikin auduga mai hana zafi, yana buƙatar iska. Fitila mai nauyi a rataye ta daga kankaren sama, ba a bar jibis ya ɗauke ta ba. In ka ga jibis ya yi ruwan ƙasa zagaye da fitila to zafi ne, ba datti ba.

Na taɓa zaro kwalin sigari da ledar burodi da ragowar katako a saman silin wani maɗa'am, dab da direban da ya riga ya kumbura. Da na nuna wa mai wurin sai yace "Mu'allim ai tsautsayi baya wuce ranarsa." Nace haka ne Alhaji, amma wannan ba tsautsayi bane, ajiya ce aka yi masa.

Mataki na biyar: atin da mai yanke wutar da ta zurare

Duk fitilar da jikinta ƙarfe ne sai an kai mata wayar atin, Larabawa suna cewa ta'arid. Wadda aka yafe wa ita ce mai alamar murabba'i cikin murabba'i a jikinta, ita rigarta biyu ce. Ganin kore da rawaya a bakin fitila baya nufin ta isa ɗablon, na sha ja sai in ga an yanke ta taku ɗaya daga ciki don ido kawai. A kashe wuta a auna da mita daga jikin fitilar har sandar atin da ke ɗablon, lambar ta zama ƙarama sosai.

Sai na'urar nan mai yanke wuta in ta fara zurarewa ta jikin mutum ko ta ruwa, mai rubutun 30mA da ɗan maɓalli mai harafin T. Ka danna shi, in ta faɗi nan take tana raye, in bata faɗi ba a canza ta. Da na'urar gwaji ta musamman ana so ta yanke cikin ƙasa da kashi uku cikin goma na daƙiƙa. Soket da kicin da banɗaki da duk abin da ke waje, ni bana barinsu babu ita.

Gwajin ƙarshe a nan shine na rigar waya da mega, wato na'urar da ke auna ko wuta na zurarewa ta rigar. Ana tura bolt 500 ana neman aƙalla megawom 1. Amma a cire direbobi tukun ko a haɗe layif da nutural a auna su da atin, in ba haka ba gwajin da kansa zai kashe maka fitilu.

Mataki na shida: fitilun da kansu

Ka juya kwali ka karanta. Ya nuna 220 zuwa 240 ko abin da ya haɗa da wutar gininka, ya nuna 60 ko 50/60. LED na yanzu yawanci suna cin duka biyun, amma tsohon cok, wato ɗan akwatin da ke daidaita wutar doguwar fitila, mai 50 kaɗai bai dace da nan ba. Ka nemi tambarin ingancin cin wuta na SASO, hukumar ma'auni ta ƙasar, kayan da suka shigo ta hanya kuma suna da rajista a manhajar Saber, babban dila in ka tambaye shi takarda zai baka. Ka ajiye fatura, wato rasit. Sibot ɗin riyal uku da babu suna babu lamba, araha bata ado, wata biyu zai fara kyafta ido kamar mai ciwon hakiya.

Ga waje da kicin a duba lambar IP. Lamba ta farko ƙura ce, ta biyu ruwa. IP20 na cikin shago ne kawai, IP44 yana jure fantsama, IP65 ƙura bata shiga kuma yana jure feshin ruwa, shi ya dace da lauha da kashshaf, wato babbar fitilar haska waje, na ƙofa. Mutane suna cewa ai ba a ruwa a nan, amma wanda ya ga ambaliyar Jidda ta 2009 ba zai faɗi haka ba, kuma ko babu ruwan sama raɓar teku da gishirinta suna cin ƙarfe. Ka buɗe akwatin lauhar ka ga ko tsatsa ta ci ko ruwa ya kwanta, wayarta ta fito daga birekanta, ba daga soket ɗin firji ta taga ba.

A maɗa'am da wurin yankan nama fitilar da ke saman abinci sai da murfi, don in ta fashe kar ta zuba a tukunya, doguwar fitila ta da kuma akwai zaiba a cikinta. Yawan haske kuwa, da ake aunawa da luks, wajen luks 300 a filin shago da 500 a kan kanta da kicin ya wadatar, a sito kuma kar a tara kaya har su taɓa fitila.

Mataki na bakwai: fitilar gaggawa da alamar fita

Wannan difa'ul madani basa wasa dashi, kuma shine mafi sauƙin gwadawa, sai su kashe bireka su tsaya suna kallo. Fitilar gaggawa ta kama da kanta nan take, ta haska hanyar fita da matakala, batirinta ya riƙe minti 90. Alamar makharaj, wato hanyar fita, ta kasance a kunne kullum, a inda za a hango ta, ba a bayan labule ko tarin akwatuna ba.

Kuskuren da na fi gani shine a haɗa ta bayan makunnin shago. Kullum da dare in an kashe fitilu sai ta ɗauka wuta ce ta ɗauke, ta ƙone batirinta har asuba, wata shida ta mutu. A ɗauko mata wuta daga layin fitilun wurin amma kafin makunni. Duk wata a danna gwajinta na daƙiƙa 30, sau ɗaya a shekara a barta ta yi minti 90 ɗin cif, a rubuta kwanan wata a ɗan littafi. Zafin nan yana cin batir, wadda ta yi shekara uku ban cika yarda da ita ba sai na gwada.

Tunda ana nan, tukunyar kashe gobara ta kusa da ɗablon ta zama mai hoda ko mai iskar CO2, ruwa baya zuwa kusa da wuta. Lambar difa'ul madani 998, a yankin Makka 911 ma yana aiki.

Mataki na takwas: takardu

Lasisin shago ta manhajar Balady yake fita, na tsaron gobara kuma ta manhajar Salama, kuma a wuraren da ake buƙatar rahoton fasaha ko yarjejeniyar kula da kayan gobara, sai daga ofishi ko kamfanin da hukuma ta amince dashi. Abin da ake nema ya danganta da girman wurin da irin sana'ar, maɗa'am mai gas ba ɗaya yake da shagon hula da carbi ba, saboda haka mai lasisin ya shiga ya karanta sharuɗɗan sana'arsa kafin a sayi ko sukuru ɗaya. Ƙwarewar hannunka daban, hatimin da hukuma ke karɓa daban, kar ka sa hannu a inda ba hurumin ka bane. Mu ma'aikata kuma tun 2021 akwai jarrabawar sana'a da ake kira fahas mihani, aikin wuta yana ciki, ka tabbatar abin da ke rubuce a iƙamarka, wato katin izinin zamanka, shine abin da kake yi.

Ka haɗa fayil ɗaya, zanen wayarin in akwai, faturori, lambobin da aka auna da ranar da aka auna su, littafin gwajin fitilar gaggawa, hotunan saman silin kafin a rufe. Hotunan nan suna da amfani ƙwarai, ranar da za a nemi wani akwatin haɗi ba sai an farfasa jibis ana lalube ba.

Ranar da suka zo, wanda ya san wurin ya kasance yana nan da makullin ɗablon da tsani a kusa. In mufattish ya nuna gyara ka roƙe shi ya rubuta maka a fili wane ne kuma a ina, ka tambayi wa'adin da aka baka, in an gyara a ɗauki hoto a sa a fayil ɗin. Duk lokacin da aka ƙara firji ko aka canza lauha ko aka ja sabon layi, musamman gab da Ramadan da Hajji da ake ƙara fitilun ado, a koma mataki na biyu a sake lissafin daga ɗablon.